Irin Gero na SOSAT-C88: Amfaninsa da Inda Yake Gazawa

Gero ya daɗe yana bin sauyin yanayi. Tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce ake noma shi a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, lokacin da Sahara ke bushewa. A Nijar ma, da masu bincike suka gwada irin da aka tattara a ƙauyuka a 1976 da na 2003, sun tarar na 2003 ya fi saurin fitar da kai. Fari ne da hannun manomi suka tace shi, domin wanda ya nuna kafin ruwa ya ɗauke shi ake ajiyewa iri.

SOSAT-C88 wannan aikin ne aka gaggauta. ICRISAT, cibiyar duniya mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, da masana na Mali suka samar da shi, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da shi a Najeriya a 2000. Yana nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka. Zangarniyarsa gajera ce mai kauri, a cike dam, ƙwayar kuma manya, tana yin fura da kunu masu kyau.

Kilo 4 zuwa 5 ya ishi hekta. A gauraya shi da maganin iri, ƙullin Apron Star mai giram 10 ga kilo 4. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami 50. Bayan mako 2 a rage, a bar tushe 2 ko 3. Wanda takinsa bai da yawa ya sa giram 6 na NPK a gefen kowane rami, kada ya taɓa irin, in ba haka ba tsiron ya ƙone idan ruwa ya yi jinkiri.

Babban aibinsa daga saurinsa ya fito. Gonar da ta riga na maƙwabta nuna ita tsuntsaye ke sauka a kai, musamman jan-baki, don haka gara unguwa ta haɗa kai ta shuka tare. Idan kuma aka shuka da wuri a inda damina ke tsawo, kan zai nuna cikin ruwan Agusta, ya yi baƙi. Bai kuma tsira daga ciyawar wuta-wuta ba a gonar da ta gaji. Juyi da wake ko gyaɗa da takin gida ne maganin.

Abin da aka fi sakaci da shi: gero iska ke yi masa barbara. Idan akwai geron gargajiya irin zango a gefe, irin zai gauraye, bayan damina 3 sai a ga tsayi ya bambanta, nuna ma ba lokaci ɗaya ba. A sabunta iri daga amintaccen dillali, a duba takardar shaidar da ke jikin buhu.

Ga manomin Yobe, Jigawa ko arewacin Katsina, kuɗin SOSAT-C88 halal ne. Amma kada a zubar da irin gado. A ware masa ɓangaren gona nesa da sabon, saboda dogon karansa ake darni da shi, kuma a shekarar da ruwa ya kai Oktoba yakan cika rumbu.