Hasashen zafin titin kankare: lissafin tsohon awo ko lissafin tafiyar zafi?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: idan ana son hasashen yadda zafi zai riƙa hawa da sauka a cikin titin kankare, wanne ya fi, lissafin da aka gina kan awon da aka ɗauka a baya, ko wanda ke bin tafiyar zafi a cikin kankaren?

Na farkon ya fi sauƙi. Ana binne na'urorin auna zafi a zurfi daban-daban, a haɗa sakamakonsu da zafin iska da ƙarfin rana, a fitar da dabara guda da ko Excel zai iya sarrafawa. Aibinsa shi ne ba ya aiki sai a irin yanayin da aka haife shi. Dabarar da aka ciro daga bayanan shirin LTPP na Amurka, mai bin diddigin lafiyar tituna na tsawon shekaru, ba ta san ƙurar hunturu da ke rage hasken rana ba.

Na biyun, irin wanda ke cikin EICM, lissafin kwamfuta na tasirin yanayi a kan titi, yana yanka kankaren gida-gida, kamar santimita 2.5 kowane, yana lissafa zafin da ya shigo daga rana, wanda iska ta kwashe, da wanda ya tsere sama da dare. Sai ka ba shi nauyin kankare, kusan kilo 2,400 a kowace mita kubik, da yawan hasken da saman ke mayarwa, wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari idan sabo ne. Hasken da saman ke mayarwa yana raguwa idan titin ya yi datti, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. A lissafi mai tafiya mataki-mataki kai tsaye, a wannan kauri na santimita 2.5 kada tazarar lokaci tsakanin mataki da mataki ta wuce minti biyar, in ba haka ba lambobi su haukace. Sakamakon kwanakin farko kuma a zubar, domin zafin da aka fara da shi zato ne.

Ga mai zanen titi, na biyun ya fi. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke fasa kankare shi ne bambancin zafi tsakanin sama da ƙasa. Da rana saman ya fi zafi, gefuna su lanƙwashe ƙasa. Da dare saman ya fi sanyi, su ɗaga, tirela ta hau su fashe. Bambancin kuma ba daidai wa daida yake tafiya daga sama zuwa ƙasa ba kamar yadda injiniya Westergaard ya ɗauka a 1927, domin a zurfin santimita 16 sauyin zafin yini ya ragu zuwa kusan sulusin na saman titi. Amma ko na biyun, sai an gwada shi da awon wurin kafin a dogara da shi.