Kyamara ko ramin leƙe: amsar tambayar Kawu kan ƙofar matuƙa jirgi

Salam yan group. Kawu Alhaji namu na Ringim ya tambaya jiya, wai da suka tashi daga Dutse zuwa Saudiyya ya ga ma'aikaciyar jirgi ta danna wasu lambobi a jikin ƙofar matuƙa ta ɗaga kai sama tana jira, alhali ga ɗan ramin leƙe a ƙofar, to wanne ne ke aikin a ciki?

Kawu ai duka biyun suna yi, amma ba ɗaya suke ba. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka aka canza ƙofofin nan zuwa masu sulke, hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ta ce daga Nuwamba 2003 jirgin da ke ɗaukar fasinja sama da 60 dole ƙofarsa ta kullu daga ciki, kuma matuƙa su iya ganin wanda ke bakinta.

Ramin leƙe dai kamar ka leƙa ta hudar ƙyauren zaure ne, sai ka taso ka kafa ido, kuma wanda ke saitinka kawai zaka gani, in wani ya raɓe a gefe shikenan ka buɗe masa baka sani ba. Ga matuƙi ya kwance bel ya bar kujerarsa, wanda wlh ba ƙaramin abu bane. Kirkinsa ɗaya, baya cin wuta baya lalacewa, shi yasa har yanzu ba a cire shi ba.

Ita kyamara galibi uku ake sawa, ɗaya saman ƙofa, biyu suna kallon gefe da gefe wajen kicin ɗin jirgi da ƙofar shiga, hoton na fitowa a sikirin gaban matuƙi yana zaune, ko an kashe fitilu da dare tana gani. Ɗaga kan da baiwar Allah nan tayi fuskarta take nunawa, in ya gamsu ba wanda ya tisa ƙeyarta sai ya murɗa makunni ƙofa ta buɗe, in bai yarda ba ya maida kan kulle, lambar gaggawar da ma'aikata ke dannawa su buɗe ƙofar daga waje ma ta daina aiki na wasu mintuna. Ni a ganina kyamara ta yiwa rami nisa, tsada ce kawai da gyara.

Sai dai fa Kawu da ɗan gari akan ci gari. Maris 2015 jirgin kamfanin Germanwings na Jamus, mataimakin matuƙi ya jira kyaftin ya fita ya kulle shi a waje, ya kai jirgin ya buga da dutse a Faransa, mutum 150 suka rasu. Kyaftin na ta dukan ƙofa bata buɗu ba, kuma daga kyamarar har ramin waje suke kallo, ba ciki ba.