Ƙurar birki a motar haɗa-da-kanka mai ƙafa uku: me ya kamata ka saya?

Motoci irin su Triking, JZR, Lomax da Pembleton ƙafafunsu na gaba a fili suke, da yawa kuma wilin sifok ne, don haka ƙurar da babbar mota ke ɓoyewa, a nan tana fitowa ƙiri-ƙiri. Baƙin garin nan cakude ne na abin da ya goge daga takalmin birki (abin da ke matse faifan birki don mota ta tsaya) da kuma ɓarɓashin ƙarfen faifan. Da zafinsa yake sauka, ya nutse cikin fenti, in ya samu danshi ya yi tsatsa, ya bar ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da sabulu ba ya fitarwa.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada ƙafar hagu da ta dama. In ɗaya ta fi baƙi, ba laifin takalmin ba ne, birkin ne ke riƙewa. Ɗaga motar ka juya tayar da hannu; ya kamata ta juya da ɗan sautin goga kawai. Galibi fistin ɗin kalifa (maƙatar da ke matsa takalmi a jikin faifai) ne ya cije, ko fil ɗin da kalifar ke zamewa a kai ya bushe, musamman a motar da ke yin watanni a ajiye. In duka biyun ne ke riƙewa, duba sandar da ke tura masta, wato famfon da ke aika man birki in ka taka feda: tana bukatar wasa kamar na milimita 1, in babu, mai ba zai koma ba. Wani kuskuren da masu haɗawa ke yi shi ne sa bawul mai riƙe matsin mai na 10 psi (ma'aunin matsi), wanda na birkin ganga ne, wato wanda takalminsa ke goga a cikin ganga, a layin faifai, alhali na faifai bai wuce 2 psi ba. Duk takalmin da ka saya, muddin wannan na nan, ƙura ba za ta ragu ba.

Sai zaɓen takalmi, kuma nan ne aka fi asara. Irin waɗannan motoci nauyinsu bai cika wuce kilo 400 zuwa 550 ba, faifai da kalifarsu kuwa sau da yawa daga motar da ta ninka su nauyi aka ciro. Ma'ana birkin ba ya yin zafi sosai. Takalmin tsere an yi shi ne ya kama da kyau bayan ya ɗauki zafi. A sanyi kankare faifan yake yi, ya zubo da ƙura mai yawan ƙarfe, ga ƙara. Wanda ba ya hawa filin tsere ya bar shi.

Takalmi mai gaurayen ƙarfe yana kamawa da kyau kuma yana jure zafi, amma shi ya fi kowanne fitar da ƙurar da ke tsatsa. Na oganik, wato zare da roba da ƙaro, mai taushi ne: yana kamawa tun takun farko, ba ya cin faifai, ƙurarsa baƙa ce amma tana wankuwa da sauƙi. Aibinsa saurin ƙarewa da sanyin kamu a doguwar gangara, sai dai a mota mara nauyi wannan aibin ba ya yin tsanani. Na siramik ya fi kowanne tsafta, ƙurarsa kaɗan ce kuma mai haske, amma wasu nau'o'insa ba sa cizo da kyau a sanyi. Tunda yawancin waɗannan motoci ba su da na'urar da ke taimaka wa ƙafa wajen taka birki, za ka ji feda ta yi nauyi. A jerin takalman kamfanin EBC, alal misali, Greenstuff an yi shi ne don ƙananan motoci, Redstuff kuma na siramik ne don manya masu gudu. A ganinmu oganik mai inganci ya fi dacewa da mafi yawan masu tuƙi a titi, siramik kuma sai ga wanda ya tabbatar da kamunsa a sanyi.

Yadda za ka tabbatar: a gefen takalmi ko bayansa ana yawan buga haruffa biyu. Na farko ƙarfin kamu ne a matsakaicin zafi, na biyu a zafi mai yawa. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55, H kuma sama da haka; iya girman lambar, iya ƙarfin kamun. Kada harafin farko ya sauka ƙasa da na wanda ka cire. Dalilin ya wuce tsafta: in gaba ya yi rauni, ƙafar baya guda ɗaya tal za ta riga kullewa, motar ta juya da kai. In birkin bayan na babur ne mai faifan ƙarfe mara tsatsa, tsaya kan irin takalmin da aka yi masa. Sabon takalmi kuma a zaunar da shi: rage gudu sau 8 zuwa 10 daga kilomita 80 zuwa 15 ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka yi tafiyar minti 10 ya huce.

Masu motar da aka gina kan Citroën 2CV, irin Lomax, lamarinsu daban: birkin gaba yana jikin giyabos ne, don haka ƙurar can take taruwa. In ta haɗu da mai ta zama kwaɓaɓɓe, nemi inda man ke yoyo kafin ya taɓa faifai. Masu birkin faifai a cikinsu ma man birkin Citroën mai suna LHM suke sha, ba man birki na gama-gari mai suna DOT ba.

Ruwan wanki iri uku ne a kasuwa. Mai asid yana aiki nan take, amma yana dusashe gogaggen alminiyam, yana kuma shiga gindin sifok inda ruwa ba ya ɗauraye shi, ya ci ƙarfen daga ciki. Kada ya kusanci wilin sifok. Mai kaifin alkali ma yana ɓata alminiyam tsirara. Na yau da kullum shi ne wanda pH ɗinsa (ma'aunin asid da alkali) ke kusa da 7, wato tsaka-tsaki. Ga ɗigon da ya riga ya nutse, sai mai narkar da ƙarfe, wanda ke komawa shunayya in ya taɓa ƙurar, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Fesa shi a wili mai sanyi, a inuwa, bar shi minti 3 zuwa 5, goga da burushi mai laushi siriri da ke ratsa sifok, ka ɗauraye kafin ya bushe. Kada ka auna ruwa mai matsi kan boris. Kada kuma ka hure ƙurar da iska: tsohon takalmin ganga yana iya ƙunsar asbestos, wanda ke illa ga huhu. Jiƙa ta ka share.

Bayan wanki, abin shafawa. Kakin gyaran fenti makonni kawai yake yi a wili. Rufin siramik na ruwa yakan kai shekara ko fiye, kuma kwalbar mililita 30 ta ishi ƙafafu uku. Ba ya hana ƙura sauka, hana ta kamawa yake yi. Sharaɗinsa a cire wilin, a narkar da ƙarfen da ya nutse, a goge da barasar goge-goge, a bar shi awa 24 ba ruwa, kuma ko ɗigo kada ya taɓa faifai. A wilin sifok aikin na cin lokaci, shi ya sa wasu ke gwammace na fesawa duk bayan wata biyu ko uku.

Farantin tare ƙura da ake sakawa bayan wili kuwa, ba mu ba da shawararsa ba. Yana toshe iskar da ke sanyaya faifai, a wilin sifok ba ya zama daidai, kuma yana ɓoye maka kaurin takalmin, wanda ya kamata ka canza da zarar ya kai milimita 3.