Wayarin shagona a Mabera: aikin ya yi kyau, da ɗan gyara

Masu gini a Sakkwato da ke neman mai wayarin, ga abin da na gani a hannun wanda ya yi mini aikin shagona a Mabera. Na gamsu ƙwarai, musamman da yadda ya bi da layin na'urar sanyaya ɗaki.

Bututun wannan layin ya tashi daga akwatin rarraba wuta, ya hau sama, ya bi jikin bango, ya zagaye ginshiƙi, sannan ya gangaro. Birkila na jira ya shafe da filasta, mai wayarin kuwa ya tsaya yana bin bututun da yatsa. Sai ya ce, "Alhaji, lanƙwasa biyar ce nan, waya ba za ta bi lafiya ba. Sai mun sa akwatin jan waya a tsakiya."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. A ƙa'idar lantarki ta Amurka, jimillar lanƙwasa tsakanin akwati da akwati ba ta wuce digiri 360, wato kwana huɗu masu digiri 90, kuma har ƙananan kauce-kauce ana sa su cikin lissafi. Dalili shi ne kowace kwana tana ƙara wa jan wayar nauyi a kan na wadda ta gabace ta. In aka matsa da ƙarfi, robar waya ta gurje can ciki inda ido ba ya kai wa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, na'ura na aiki dare da rana, wa zai so gurzajjiyar waya a bangonsa?

Wani abin da ya burge ni, bai gasa bututu da wuta ba kamar yadda wasu ke yi har ya tsuke. Sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen lanƙwasa bututu, ya zura ciki, ya lanƙwasa a gwiwarsa a hankali, kwanar ta fito da faɗi. Ranar jan waya, yaronsa na turawa, shi yana ja, wayoyi uku masu milimita 4 suka wuce sumul.

Inda nake da ƙorafi shi ne wurin da akwatin ya faɗo, daidai inda na so kafa kanta. Tunda dole a bar murfinsa inda hannu zai iya kai wa, sai kafinta ya sake awo. Da ya tambaye ni tun farko, da mun matsar da shi sama kaɗan.