Ruwaito magana da su who da which a Turanci: wane littafi ya kamata ka saya?

Wata uwa ta tare ni bayan darasin yamma ta ce, "Malam, kuɗin littafi ɗaya ne a hannuna, ka faɗa mini wanda zan saya wa yarinyar nan." Kafin in amsa na karɓi littafin rubutun yarinyar na buɗe. Kurakuranta ba su da yawa, iri biyu ne kawai suke ta maimaita kansu. A saman shafi ta rubuta "She asked me where am I going", a ƙasa kuma "the man that his car was stolen".

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Hausa ce take magana a bakin alƙalaminta. Mu idan za mu ruwaito abin da wani ya faɗa ba ma taɓa lokacin aikatau. Audu ya ce "Ina zuwa", washegari ka ce "Audu ya ce yana zuwa", shi ke nan. Bature kuwa sai ya ja aikatau baya, ya ce "He said he was coming". Haka nan muna cewa "matar da na yi magana da ita" da "mutumin da aka sace motarsa", kuma a Hausa dole ne "ita" da "-sa" su zauna a wurin. Turanci ba ya son su, shi "the woman I spoke to" da "the man whose car was stolen" ya sani. A jerin darussan littattafai za ka ga na farkon da sunan reported speech ko indirect speech, na biyun kuma relative clauses ko adjective clauses. Da waɗannan jimloli nake auna duk littafin da aka miƙo mini.

Wanda na fi amincewa da shi shi ne English Grammar in Use na Raymond Murphy, mai shuɗin bango, na kamfanin ɗab'i na Jami'ar Kambirij. Tun 1985 yake kasuwa, bugu na biyar ya fito a 2019, kuma darussa 145 ne a cikinsa. Tsarinsa ne ya sa nake son sa: bayani a shafin hagu, aikin yi a shafin dama, ba ka juya takarda kana neman ƙa'idar da ka manta. Ruwaito magana yana darasi na 47 da 48, kuma a na 48 ne yake raba say da tell, ya kuma nuna cewa ba kullum ake jan aikatau baya ba idan abin da aka faɗa har yanzu gaskiya ne. Wannan bayani yana da amfani ƙwarai, domin ɗalibai da yawa sun haddace ƙa'idar kamar ba ta da togiya. Amma ga abin da mutane ke tsallakewa: gyaran kuskuren yarinyar nan na "where am I going" ba ya cikin waɗannan darussa biyu, yana darasi na 50, a sashen tambayoyi. Idan ka sayi littafin ka haɗa ukun ka yi su tare.

A ɓangaren who da which kuwa ya fi yalwata, darussa biyar ne daga 92 zuwa 96. Na 93 ya koyar da inda ake iya zubar da su gaba ɗaya, na 94 ya zo da whose da whom da where, biyun ƙarshe kuma suka tsaya kan waƙafi. Kada ka raina waƙafin nan. Idan ka rubuta "my brother who lives in Kaduna", kana nufin 'yan'uwanka maza suna da yawa, na Kadunan kake ware wa. Idan ka sa waƙafi bayan brother, an riga an san wanda kake nufi, ƙarin bayani kawai ka yi. Ban taɓa samun littafin da ya sauƙaƙa wannan bambanci kamar shi ba.

Inda ya gaza shi ne yawan aikin yi. Shafi ɗaya ga kowane darasi ba ya isar wanda kuskuren ya zauna masa a harshe shekara da shekaru. Akwai ƙarin ayyuka a bayan littafin, akwai kuma wani littafin ayyuka daban da Louise Hashemi ta yi tare da Murphy, amma wannan wani kuɗin ne.

Littafin yana da ƙani da wa. Jan, wato Essential Grammar in Use, na masu farawa ne, kuma ya taɓa batutuwan nan sama-sama ne, don haka ya fi dacewa da ɗan ƙaramar sakandare ko babban da ya koma karatu bayan dogon lokaci. Koren, Advanced Grammar in Use na Martin Hewings, ya baje ruwaito magana a darussa da dama, har da aikatau irin su suggest da deny da insist da abin da ke bin kowannensu. Ɗan jarida ko mai rubuta rahoton taro a ofis zai more shi. Ɗalibin da bai gama da said da told ba kuwa, nauyi kawai zai ƙara masa a jaka.

Sai Wren da Martin, wato High School English Grammar and Composition, wanda aka fara bugawa a 1935 don makarantun Indiya. Idan tarin aiki kake so, nan ne rumbu. Zai ba ka jimla bayan jimla ka juya daga maganar kai tsaye zuwa ta ruwaya, har da umarni da roƙo da mamaki, sannan a babin haɗa jimloli ya sa ka ɗinke gajerun jimloli biyu da who ko which har hannunka ya saba. Ina girmama littafin nan, ya horar da malamai da yawa. Sai dai Turancinsa na da ne, wasu misalan ba za ka ji kowa yana faɗar irinsu yau ba, kuma amsoshin a wani littafi daban ake sayar da su. Wanda yake da malami a kusa zai ci moriyarsa. Wanda yake karatu shi kaɗai a ɗaki zai iya cika littafin rubutu da kuskure bai sani ba.

Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay, wanda iyayenmu da yayyenmu suka tashi da shi, yana da kyau wajen aza harsashi, amma ba zai kai mai shirin jarrabawar kammala sakandare gaci a waɗannan batutuwa ba. Practical English Usage na Michael Swan kuma na dubawa ne idan gardama ta tashi, babu aikin yi a cikinsa. Malami ya saya, ɗalibi ya ara.

Mai shirin WAEC ko NECO yana da wata buƙata ta daban. A tambayoyin fahimtar labari ana ciro wani yanki na jimla a tambayi sunansa na nahawu da aikin da yake yi, kuma sau da yawa yankin irin mai farawa da who ko which ɗin nan ne, a ce ka faɗi sunan da yake siffantawa. Murphy yana koyar da amfani da jimla ne, ba ya horar da kai kan irin wannan tambayar. Littafin tambayoyin shekarun baya ne zai nuna maka salonta. Ka dai riƙa tantance amsoshinsa da malami, domin na sha cin karo da amsar da aka buga ba daidai ba a irin waɗannan littattafai.

Idan aljihu babu nauyi, shafin LearnEnglish na British Council yana da bayani da ayyuka kyauta a kan batutuwan biyu, yana kuma yi maka maki nan take. BBC Learning English na da gajerun darussa na sauraro, masu taimaka wa kunne ya saba da "he said he was". Kuɗin data kawai za ka kashe. Abin da na lura da shi shi ne a waya ɗalibi yakan taɓa amsa ne kawai, ba ya rubuta cikakkiyar jimla, alhali ranar jarrabawa biro ne a hannunsa. Saboda haka nakan ce su kwafi kowace jimla a takarda bayan sun taɓa.

Ranar saye ka yi abu biyu kafin ka miƙa kuɗi. Ka duba bangon ka ga an rubuta with answers, domin shuɗin littafin yana da bugu marar amsoshi wanda aka yi don aji. Sannan ka buɗe shafukan da kake buƙata ka gani da idonka. Na taɓa saya wa wani ɗalibina kwafi mai araha a wani shago, sai da muka zo darasi na 94 muka tarar tawadar ta dusashe har ba a bambance waƙafi da aya, a darasin da ke bi masa kuwa waƙafin shi ne darasin gaba ɗaya. Na jabu ne, kuma ban duba ba.

Uwar nan na ce mata ta sayi shuɗin mai amsoshi. Na rubuta mata lambobin darussan a bayan wata takarda, 47 da 48 da 50, sai 92 zuwa 96, na ce yarinyar ta riƙa yin darasi ɗaya a kwana biyu da fensir, ta goge ta sake bayan mako guda. Na kuma ƙara mata wani aiki da babu shi a littafin: kowane dare ta ɗauki abu uku da aka faɗa a gidan da Hausa, irin "Baba ya ce zai dawo da wuri" ko "Inna ta tambaya wa ya ɗauki wuƙar da take yanka albasa da ita", ta mayar da su Turanci ta kawo mini ranar Asabar.