Dara ta lotse ta yi fumfuna: wankin ruwa ko tururi?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu daga unguwar Aboabo a Kumasi ya yi tambaya a zauren nan. Yana da jar dara ta mahaifinsa wadda ta daɗe a ƙasan akwati, gefe ɗaya ya lotse, fumfuna ta yi mata dabbare-dabbare, bakinta kuma ya yi baƙi saboda zufa da man kai. Yana so ya sa ta ranar Sallah. Wasu sun ce ya jiƙa ta da omo ya ɗora a kan ice kamar yadda masu wankin hula suke yi, wasu kuma sun ce ya kara ta a tururi. Yana tambaya wanne ya fi.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka tsoma ta a bokiti. Shawarata ita ce tururi da buroshi. Waɗanda suka ce ka wanke da ruwa ba su yi ƙarya ba game da hular zare, irin su zanna da sauran hulunan da ake ɗinkawa da allura. Waɗannan yadi ne da zare, suna shan wanki, a sa musu sitaci, a ɗora a kan ice su bushe su miƙe. Dara kuwa wata aba ce daban, kuma idan ka san yadda ake yin ta za ka ga dalili da kanka.

Darar asali ta gashin tumaki ce. A Tunis, inda aka shahara da wannan sana'a tun ƙarnoni, kuma daga can ake kai ta Libiya da Nijar da Najeriya, sai a fara saƙa hular ƙatuwa sakwa-sakwa, wadda ta fi kan mutum nesa ba kusa ba. Daga nan a yi ta bugun ta cikin ruwan zafi da sabulu har ta tsuke, gashin ya cuɗe da juna, saƙar ta ɓace ta koma fata guda mai kauri. Sannan a taje ta, a rina, a ɗora a kan ma'auni. Wasu darar da ke kasuwanninmu daga ƙasar Cek suke zuwa, daga kamfanin Tonak, amma tushen aikin ɗaya ne. Kowane silin gashin tunkiya yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa, idan ya haɗu da zafi da danshi da cuɗawa sai su sarƙe, kuma ba sa warwarewa. To ka ga ruwan zafi da sabulu da cuɗa su ne suka tsuke hular tun farko. Idan ka sake yi mata su a gida, aikin masana'anta ka ci gaba da shi: za ta ƙara tsukewa, ta yi tauri, ta ƙi shiga kai. Ga kuma rinin ja da yake zuba, ya bar wani wuri jawur wani wuri koɗaɗɗe. Wannan ɓarnar ba ta da magani, shi ya sa nake jin zafin abin idan na ji an ba mutum shawarar omo a kan kayan gado.

Tururi kuwa yana ba gashin zafi da ɗan danshi ba tare da cuɗawa ba. Gashin sai ya yi laushi ya saki, ka lanƙwasa shi yadda kake so, idan ya huce ya bushe sai ya tsaya a haka. In ba ka ji daɗin yadda ta fito ba, ka sake kara ta ka gyara. Wankin ruwa ba ya ba ka wannan dama ta biyu.

Amma kafin komai ka tabbatar hular ta ulu ce. Yanzu akwai na roba da yawa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, masu arha, da ido ba lallai ka bambance ba. Ka tsinko ɗan gashi kaɗan daga ciki, inda ba a gani, ka kara masa ashana. Na ulu yana ƙauri irin na babbakar kan rago ranar Layya, ya bar baƙin toka da ke murmushewa a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Idan ta roba ce, ruwan sanyi da ɗan sabulu ba za su tsuke ta ba, zafi mai yawa ne abokin gabarta. Tunda taka tsohuwa ce ta mahaifi, na fi kyautata zaton ulu ce.

Sai tsarin aiki, domin a nan mutane suke kuskure ko da sun zaɓi tururin. Tsabta ake fara yi, gyaran siffa ya biyo baya. Idan ka kara hula mai ƙura da maiƙo a tururi, dattin zai jiƙe ya nutse cikin gashin.

Fara da fumfunar. Ka fitar da hular waje, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa har ta bushe ƙarau, kada ka shanya a tsakiyar rana don rana tana cin jan rini. Sannan ka sa buroshi mai laushi, irin na kaya ko sabon buroshin takalmi da bai taɓa ganin man takalmi ba, ka share ta kana bin kwanciyar gashin, hannu ɗaya, ba gaba da baya ba. A waje za ka yi wannan, kada ƙurar fumfuna ta cika ɗaki, musamman in akwai mai asma a gidan. Yawancin farin nan zai tafi da buroshi kaɗai. Abin da ya rage, ka haɗa farin binega da ruwa daidai wa daida, ka tsoma farin ƙyalle ka matse shi sosai, ka fara gwadawa a cikin hular. In ƙyallen ya ɗebo ja da yawa, dakata, ka tsaya a kan buroshi. In bai ɗebo ba, ka riƙa danna shi a wurin a hankali, ban da gogawa. Mai wankin ruwa zai ce ai jiƙawa ta fi kashe fumfuna. A garin da danshi bai yi yawa ba wataƙila a saurare shi, amma a Kumasi muke. Damina biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma hula mai kauri da ta sha ruwa tana iya kwana biyu ba ta bushe ciki ba. Wannan danshin shi ne abincin fumfunar da kake kora.

Baƙin da ke bakin hular shi ne wuri ɗaya da ruwa ya fi tururi, gaskiya a faɗe ta. Tururi ba ya cire maiƙo. Amma ko a nan ba tsomawa ake yi ba. Ka barbaɗa hodar jarirai ko busasshen garin sitaci a wurin, ka bar shi ya kwana ya tsotse man, da safe ka kakkaɓe ka share da buroshi. Tsohon maiƙo yana son a maimaita. Idan da saura, ɗigon sabulu mai laushi a ruwan sanyi, ƙyalle a matse, ka danna wurin kaɗai, ka bi da wani ƙyallen mai ruwa zalla, ka tsane da tawul. Tabon zufa na shekaru ba lallai ya fita duka ba, amma tunda daga ciki yake, na fi son ka bar ɗan alama da ka ƙoƙe rinin.

Yanzu lotsewar. Ka sami abin da ya yi daidai da kanka: ka karɓi tef na tela ka auna kai ta saman kunne da goshi, manyan maza galibi tsakanin santimita 56 da 60 suke. Idan darar mai zagayayyen kai ce, ƙwarya mai wannan girma a kife ta isa. Idan mai miƙaƙƙen gefe ce, gwangwani babba ko ƙaramar tukunya, ka naɗe da tawul har awon ya cika. Ka ɗora butar shayi a wuta ta tafasa har tururi ya riƙa fita ta hanci sosai. Ka riƙe hular kamar taƙi ɗaya daga bakin butar, wurin da ya lotse yana fuskantar tururin, kana ɗan jujjuya ta, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Za ka ji ta saki a hannunka, taurin ya tafi. Nan take ka sa yatsu daga ciki ka tura lotsewar waje, ka shafa da tafin hannu, ka zura ta a kan ƙwaryar ko gwangwanin, ka ja gefen ƙasa a hankali ya daidaita ko'ina. Kada ka bari ta jiƙe har ta riƙa ɗiga, kuma ka kula da yatsunka, ƙunar tururi ba wasa ba ce. Ka bar ta nan har ta huce ta bushe, awa biyu ko uku, in da hali ta kwana. Tsohuwar karaya ba ta fita a karo ɗaya, sai an sake. Mai cire hula tana da ɗumi shi ne yake cewa tururi ba ya aiki.

Masu hular Turawa mai baki, irin da ake samu a gwanjo a Kejetia ko Kantamanto ta Accra, hanyar ɗaya ce da ƙari kaɗan. Da yawa daga cikin masu kyau na gashin zomo ne, kuma ana sa musu wani ƙaro da ke riƙe siffa, wanda tururi ke tausasawa. Fatar da ke zagaye ciki kada tururi ya taɓa ta, tana ƙanƙancewa ta bushe. Bakin hular in ya karkace, a shimfiɗa a tebur, a rufa ɗanyen ƙyalle, a danna dutsen guga marar zafi sosai, ba a ja. Kuma a kife ake ajiye ta, kai a ƙasa, don kada bakin ya baje.

Bayan Sallah kada ka mayar da darar ƙasan akwati, kuma kada ka ƙulle ta a leda, leda tana tara gumi. Ka bari zufar ranar ta bushe tukuna, ka cusa farar takarda a ciki, ba jarida ba don tawada tana kamawa, ka sa ta a kwali ko jakar yadi a saman kabad. Asu yana cin ulu, musamman inda zufa ta taɓa, saboda haka ka sa kafur a ƙyalle kusa da ita, ba a jikinta ba. Lokacin hunturu da ƙurar nan ke sauka daga Disamba, ka riƙa fito da ita kana bi da buroshi.

Allah ya jiƙan magabata, ya kai mu Sallah lafiya. In ka gwada ashanar ka ga gashin ya narke, ka sanar da mu kafin ka ɗora buta a wuta.