Wane Babur Ya Dace da Hanyoyin Dajin Zariya? Abin Dubawa Kafin a Fitar da Kuɗi

Duk wanda ke shirin shiga ayarin abokai masu fita daji a kan babur, tambayar da ya fi yawan yi ita ce wane inji ne ya fi ƙarfi. A ganina ba daga nan ya kamata a fara ba. Babur ɗin da ya dace da dajin Zariya shi ne wanda cikinsa ba ya dukan ƙasa, wanda mai shi zai iya ɗaga shi shi kaɗai idan ya faɗi, kuma wanda bakaniken ƙauye zai iya kwance shi ya mayar ba tare da an jira kaya daga Legas ba. Ƙarfin inji yana zuwa ne bayan waɗannan.

Dalilin haka yana cikin yanayin ƙasar da za a bi. Wanda ya nufi wajen dutsen Kufena zai haɗu da dutse da tsakuwa da marmara, inda taya ke sulɓewa a gangare ko da ƙasa a bushe take. Wanda ya bi gefen kogin Galma ko na Kubanni kuwa fadama ce a gabansa, yashi mai zurfi da rani, taɓo mai riƙe taya da damina, musamman a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi sauka. Tsakanin waɗannan akwai burtali da 'yan hanyoyin gona waɗanda zaizayar ƙasa ta tsattsaga, ga kututture da ƙaya, ga kuma ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu wadda ke toshe matatar iska cikin ɗan lokaci, musamman ga wanda ke bayan ayari yana shan ƙurar na gaba. Ba hanyoyin gudu ba ne, mafi yawan tafiyar a giya ta biyu da ta uku ake yin ta.

Zaɓi na farko, kuma mafi kusa da aljihun yawancin mutane, shi ne babura irin na 'yan acaɓa, wato Bajaj Boxer da TVS HLX da Honda Ace da makamantansu. Bai kamata a raina su ba, domin su ne ke ɗauko buhunan masara da tumatir daga ƙauyukan da mota ba ta shiga. Injinsu iska ce ke sanyaya shi, ba su shan mai da yawa, abin da ya ƙara muhimmanci tun bayan cire tallafin fetur a 2023, kuma fulogi da cen da takalmin birki nasu ana samunsu a kusan kowace kasuwar ƙauye. Idan za a ɗauki wannan hanya, mai inji 150 (lambar girman inji ke nan, wato cc) ya fi mai 100 dacewa, saboda hawan gangare da kaya a baya. Sai dai raunin da suke da shi a fili yake. Tayoyin yawancinsu inci 17 ne gaba da baya, tazarar da ke tsakanin ƙasa da cikin injin ba ta kai santimita 20 ba, shokozobarsu kuma an yi ta ne don ɗaukar nauyi, ba don shanye duka ba. A kan hanya mai ramuka, hannu da baya ne ke karɓar abin da shokozoba ta kasa shanyewa, kuma bayan awa uku gajiyar mahayi ita ce ke fara jawo faɗuwa. Wanda ya riga ya mallaki irin wannan babur zai iya sauya masa tayoyi masu manyan haƙora, ya sa a ƙera masa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ya bi ayari lafiya da rani. Da damina kuwa, taɓo yakan cushe tsakanin tayar gaba da murfinta har taya ta daina juyawa, don haka dole a ɗaga murfin ko a nemi samfurin da ya zo da shi a ɗage.

Zaɓi na biyu shi ne wanda nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan masu wannan sha'awa, wato babura masu hawa biyu, kwalta da daji, waɗanda injinsu ke tsakanin 125 da 200. A cikinsu akwai Honda XR150L da Yamaha XTZ125 da Yamaha AG200 da Suzuki DR200. Abin da ya haɗa su shi ne tsawon ƙafa, domin cikinsu yana nesa da ƙasa da kimanin santimita 24 zuwa 26, shokozobar gaba doguwa ce, kuma har yanzu injin mai sauƙi ne, iska ke sanyaya shi, kafireta ke ba shi mai, abubuwan da kowane bakaniken babur ya saba da su.

Bambancin da ke tsakaninsu ya cancanci a tsaya a kansa. XR150L tayar gabansa inci 19 ce, ta baya 17, tankinsa yana cin lita 12, kuma kujerarsa tana da faɗi, saboda haka ya fi daɗi ga wanda zai riƙa zuwa aiki da shi daga Samaru zuwa cikin birni a ranakun mako, ya fita daji a ƙarshen mako. XTZ125 tayar gabansa inci 21 ce, ta baya 18, kuma ya fi sauƙin nauyi. Wannan babbar tayar gaba ba ado ba ce, ita ce ke sa babur ya haye dutse da kunyar gona da bakin kwazazzabo maimakon ya yi karo da su, kuma a cikin yashi ta fi riƙe hanya. Abin da za a rasa a wurinsa shi ne ƙarfi a kan kwalta, musamman idan an yi goyo. AG200 kuwa tun asali don manoman Ostireliya da Niyu Zilan aka ƙera shi, kuma ƙungiyoyin lafiya da na aikin gona sun daɗe suna amfani da shi a ƙauyukan Afirka. Cen ɗinsa a rufe yake cikin akwati, don haka yashi da taɓo ba sa cinye shi da wuri, yana da wurin ɗaure kaya gaba da baya, yana da jaki a kowane gefe, giyarsa ta farko kuma tana tafiya a hankali kamar mai tafiya a ƙafa. Ba shi da gudu, ba shi da kyan gani, amma idan ana maganar fadamar Galma a watan Satumba, shi zan fara nunawa. DR200 yana tsakanin waɗannan, ya ɗan fi su ƙarfi, kuma yawanci na hannu ake samunsa.

Matsalar wannan rukuni ita ce kayan gyara. Ba za a same su a kowane shago ba kamar na Boxer, wani lokaci sai an aika Kano ko Kaduna ko Legas, kuma faɗuwar darajar naira ta sa farashinsu ya tashi. Shawarata ita ce kafin mutum ya biya kuɗin babur, ya zagaya wurin masu sayar da kayan gyara a Sabon Gari da Tudun Wada ya tambayi abubuwa huɗu na wannan samfurin, wato farantin kuloci da cen da sufoket (faifai mai haƙora da cen ke hawa kansa) da tayar gaba. Idan babu mai su kuma babu mai iya kawo su cikin mako guda, a sake tunani.

Sama da waɗannan akwai irin su Honda CRF250L, wanda CRF300L ya maye gurbinsa a 2021, da takwarorinsa na Kawasaki. Babura ne masu inganci ƙwarai, giya shida, ƙarfi isasshe a kwalta da daji. Amma ruwa ne ke sanyaya injinsu ta lagireto, kuma ba kafireta suke da ita ba, na'ura ce ke fesa musu mai da taimakon famfo. Faɗuwa ɗaya a kan dutse tana iya fasa lagireto, gurɓataccen fetur na 'yan bumburutu yana iya toshe famfon, kuma duka biyun ba gyaran gindin bishiya ba ne. Nauyin CRF250L ya haura kilo 140, kujerarsa ta kai santimita 87 daga ƙasa, tankinsa bai cika lita 8 ba. Ga gogaggen mahayi mai tsawo, wanda ke da amintaccen bakanike da kuɗin ajiye kayan gyara, zaɓi ne mai kyau. Ga wanda zai fara, kuɗin ya fi amfani idan aka raba shi tsakanin ƙaramin babur da kayan kariya.

Baburan tsere na fili, irin su Yamaha YZ da Honda CRF masu harafin R da KTM na tsere, ba na ba da shawararsu sam. Ba su da fitila, tankinsu ƙarami ne, ana sauya musu baƙin mai da lissafin awanni ba da lissafin watanni ba, kuma ƙararsu tana firgita dabbobi da mutanen ƙauye. Tsofaffin Yamaha DT masu hayaƙi, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, suna da sauƙin nauyi da sauƙin gyara, sai dai suna shan mai, kuma samun wanda bai gaji ba ya yi wuya.

Tun da yawancin baburan daji na hannu ake sayensu, dubawa kafin biya ita ce rabin ciniki. A je da safe a tarar da injin a sanyaye, domin mai sayarwa da ya riga ya ɗumama shi yana iya ɓoye wahalar tashi. A duba hayaƙi, idan shuɗi ne a injin da ba na haɗin mai ba, to mai yiwuwa zoben fistin ya gaji. A shafa sandunan shokozobar gaba a ga ko mai na tsatsa, a ɗaga tayar gaba a juya kai hagu da dama a ji ko yana sarƙewa, a bubbuga wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya a ji wanda ya saki. A leƙa wuyan firam da ƙarƙashin inji a nemi sabon walda da aka rufe da fenti. Haƙoran sufoket idan sun yi tsini sun lanƙwashe, kuɗin sabon cen da sufoket ya shiga cikin farashi, kuma a faɗa wa mai sayarwa haka. Wili mai wayoyi ya fi na zubi dacewa da daji, saboda yana lanƙwasa a miƙe shi, na zubi kuwa tsagewa yake yi.

Kada a kashe kuɗin duka a kan babur. Hular kwano mai rufe haɓa, tabarau na ƙura, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu da abin kare gwiwa suna cikin farashin wannan sha'awa, ba ƙari ba ne. A jiki, ƙafa da gwiwa da hannu ne suka fi saurin samun rauni a faɗuwar daji, kuma asibiti yana da nisa daga burtali. A cikin jaka a samu tib na gaba da na baya, kayan faci, ƙaramin famfo, fulogi, mahaɗin cen da wayar kuloci.

Akwai wani abu da masu saye ɗaiɗai ke mantawa da shi, wato cewa tare za a fita. Idan mutum shida suka sayi samfuri ɗaya ko masu girman taya ɗaya, tib biyu da fulogi biyu sun ishe su duka, kuma wanda ya iya gyaran nasa ya iya na kowa. Idan kuwa ɗaya yana kan 300 sauran suna kan 125, ko dai ya riƙa jira a kowace mararraba, ko kuma na baya su matsa wa kansu su bi shi, wanda a nan ne ake samun haɗari. Don haka ya fi kyau abokai su zauna su yanke shawara tare kafin kowa ya je kasuwa, kuma a auna zaɓin da mafi ƙarancin gwaninta a cikinsu.

Batun da ya fi duka nauyi a yankinmu shi ne tsaro, kuma yana shafar abin da za a saya kai tsaye. 'Yan bindiga a ayarin babura suke tafiya, wannan ne ma ya sa gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na wani lokaci a ƙarshen Satumbar 2021. Mutanen ƙauye da 'yan sintiri da suka hango babura takwas suna fitowa daga daji da ƙura, fuskoki a rufe, suna da dalilin tsorata. Saboda haka babur ɗin da za a saya ya zama mai cikakkun takardu, rasit na asali, lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke rubuce, ga lamba a maƙale a baya, fitila tana aiki, salansa kuma ba mai tsawa ba. Babur mai arha wanda ba shi da takarda yana iya kasancewa na sata, kuma a shingen jami'an tsaro babu mai sauraron bayanin cewa wurin aboki aka saya. Dazuzzukan da ke yamma, wajen Giwa zuwa Birnin Gwari, ba wurin yawon shaƙatawa ba ne, kowane irin babur mutum ya mallaka. Ko a kusa da gari ma, a sanar da dagaci ko mai unguwar ƙauyukan da za a ratsa tun kafin ranar, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a rage gudu a cire hular kwano idan an shigo cikin gidaje, a kauce wa shuka da garken shanu, a kuma dawo kafin la'asar sakaliya.

Idan aka haɗa duka, wanda kuɗinsa ya kai ya nemi XR150L idan babur ɗaya zai yi masa aikin gari da na daji, ko XTZ125 ko AG200 idan dajin ne ya fi rinjaye a zuciyarsa. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi Boxer ko HLX mai inji 150 da takardunsa cikakku, ya sa masa tayoyin daji da farantin kariya, ya fara da hanyoyin rani na kusa da Kufena kafin ya gwada fadama.